Amanar Majinyaci da Alƙalamin Likita

Gabatarwa

A shekarar 1953 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Ernest Jones ya fitar da juzu'in farko na tarihin malaminsa, Sigmund Freud. A ƙasan wani shafi na littafin, cikin 'yan kalmomi, ya bayyana sunan wata mata wanda aka shekara 58 ana ɓoyewa. Tun 1895 ɗaliban likitanci suka san ta da laƙabin Anna O., budurwa 'yar shekara 21 a birnin Biyenna wadda gaɓoɓinta suka shanye, ganinta ya rikice, harshenta na Jamusanci ya riƙa ɓace mata har sai ta koma Turanci. Ashe wannan budurwa ita ce Bertha Pappenheim, wadda daga baya ta zama babbar mai fafitikar kare mata da marayu a Jamus, ta kafa ƙungiyar matan Yahudawa a 1904, ta kuma rasu a 1936 cikin mutunci. Danginta sun nuna ɓacin ransu ƙwarai da wannan tonon silili. A 1954 gwamnatin Jamus ta Yamma ta sa hotonta a kan sarki don girmama aikinta, amma har yau waɗanda suka san ta ta hanyar ciwonta sun fi waɗanda suka san ta ta hanyar aikinta yawa.

Wannan maƙala za ta duba matsalar da ke cikin wannan labari, wato yadda likita zai rubuta abin da ya koya daga majinyaci ba tare da ya ci amanarsa ba. Za ta taƙaita ne a kan jinyar zantawa, wato irin maganin da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam ke yi ta hanyar zama da majinyaci a tattauna damuwarsa, mako bayan mako, wani lokaci har shekaru. Don sauƙin bayani, za a kira duk mai wannan aiki da sunan likita.

Dalilin Rubutawa

Mai karatu na iya tambaya, tun da abin yana da haɗari, me zai hana a bar rubutun ɗungurungum? Amsa ita ce, ilmin wannan fanni ba ya tsayuwa sai da rahotannin majinyata. Ɗalibin fiɗa yana iya tsayawa a gefen malaminsa ya ga yadda ake yanka da ɗinki. Ɗalibin jinyar zantawa kuwa ba shi da wannan dama, domin da zarar mutum na uku ya shigo ɗaki, majinyaci zai kama bakinsa. Saboda haka rahoton da aka rubuta shi ne tagar da ɗalibi ke leƙawa ya ga abin da likita ya ce, da abin da majinyaci ya amsa, da inda aka yi kuskure. Ta nan ne kuma sauran masana ke samun damar su auna da'awar abokin aikinsu, su yarda ko su musa. Likitan da ya ƙi rubuta abin da ya gano ya tauye majinyatan gobe.

To sai dai Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Majinyacin da ya zo neman sauƙi yana faɗin abin da bai taɓa gaya wa matarsa ko mahaifiyarsa ba: mafarkinsa, da ƙiyayyar da yake ɓoyewa, da abin kunyar da aka yi masa yana yaro. Ya faɗa ne bisa alkawarin cewa zancen ba zai fita ɗakin ba. Wannan alkawari tsoho ne, yana cikin rantsuwar likitocin Girka ta Hippocrates tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Kotun Ƙoli ta Amurka ma, a shari'ar Jaffee da Redmond ta 1996, ta yarda cewa irin wannan jinya ba ta yiwuwa sai da aminci, ta hana a tilasta wa likita ya tona zancen majinyaci a kotunan tarayya. Ashe ke nan likita mai alƙalami yana ɗauke da bashi biyu, na majinyaci da na ilmi, kuma biyan ɗaya yakan so ya taɓa ɗayan.

Bambancin Jini da Labari

Ɗalibin nazarin halittu ya san yadda ake ɓoye mai samfur a ɗakin gwaje-gwaje. Ana ɗibar jini a zuba a kwalba, a cire suna a manna lamba. Yawan sukarin da ke cikin jinin ba ya canzawa don an cire sunan, kuma wanda ya karanta sakamakon ba zai san ko na wane ne ba, ko da yake ilmin gadon halitta ya nuna cewa jini ma yana iya tona mai shi in an bi diddigi. Abin lura shi ne, a nan abin da ake aunawa daban yake da mutumin da aka ɗiba a jikinsa.

A jinyar zantawa babu wannan rabuwa. Samfurin shi ne labarin rayuwar mutum. Idan rahoto yana son ya nuna yadda baƙin cikin wata mata ya faro, dole ya ambaci rasuwar ɗanta, da halin mijinta, da abin da surukarta ta faɗa ranar zaman makoki. Waɗannan su ne hujjojin ilmin, kuma su ne dai alamomin da maƙwabciyarta za ta gane ta da su. Duk yadda rahoto ya ƙara inganci ta fuskar ilmi, haka yake ƙara kusantar tona asiri. Wannan ita ce cibiyar matsalar, kuma canza suna kaɗai ba ya warware ta.

Darasi daga Biyenna

Josef Breuer, likitan da ya yi jinyar Bertha Pappenheim daga ƙarshen 1880 zuwa tsakiyar 1882, ya ɓoye ta ne da wata 'yar dabara. Ya ɗauki baƙaƙen farko na sunanta, B da P, ya ja kowane baya da mataki ɗaya, suka zama A da O. Wannan bai hana manyan gidajen Biyenna da suka san iyalin su gane ta ba. Akwai kuma wani abin da ya fi wannan. Wani masanin tarihin likitanci, Henri Ellenberger, ya sami tsohon hotonta na 1882, ya kai wa ɗakin binciken 'yan sandan Montreal a Kanada. Da aka haska hoton da fitila ta musamman sai sunan garin Konstanz ya bayyana. Ya bi wannan sawu har wani asibitin masu taɓin hankali a Kreuzlingen ta ƙasar Suwizalan, inda ya tarar da takardun jinyarta. Abin da ya buga a 1972 ya nuna cewa an kwantar da ita a can jim kaɗan bayan Breuer ya sallame ta, tana fama da ciwo da kuma sabo da allurar mofin. Rahoton 1895 kuwa ya ba mai karatu fahimtar cewa ta warke. Wato rahoton ya kasa ɓoye majinyaciya, amma ya ɓoye wani ɓangare na gaskiya, ya gaza ta fuska biyu ke nan.

Freud ya fi abokinsa taka-tsantsan. A ƙarshen 1900 ya yi jinyar wata budurwa 'yar shekara 18 har mako 11, kafin ita da kanta ta yanke zuwa. Ya rubuta rahoton a farkon 1901, ya laƙaba mata suna Dora, amma bai buga ba sai 1905. A gabatarwar rahoton ya lissafa matakan da ya ɗauka: ya zaɓi majinyaciyar da yawancin al'amuranta suka faru a wani gari nesa da Biyenna, ya canza sunaye duka, ya jira shekara huɗu, sa'an nan ya buga a mujallar ƙwararru wadda jama'ar gari ba su cika karantawa ba. Ya kuma amsa a fili cewa da an nemi izinin irin waɗannan majinyata ba za su bayar ba, kuma akwai likitoci a garin da ke karanta irin wannan rahoto don su canki ko wane ne, kamar masu wasan kacici-kacici.

Duk da haka, a 1922 aka kira wani likita mai suna Felix Deutsch ya duba wata mata mai ciwon kunne da jiri. Tana cikin ba shi labarin mahaifinta da ƙuruciyarta sai ya gane cewa Dora ce, domin ya karanta rahoton. Labarin ne ya fara tona ta, kafin ita da kanta ta tabbatar masa. Ta rasu a New York a 1945, shi kuma ya buga bayanin haɗuwarsu a 1957, da kalmomi marasa daɗi game da halinta. Daga baya masu bincike suka gano sunanta na gaskiya, abin da ya zo musu da sauƙi saboda yayanta sanannen ɗan siyasa ne a Ostiriya. Darasin da ke nan shi ne, rubutu ya fi mai shi tsawon rai. Matakan da suka isa a 1905 ba su isa ba bayan shekara 50, kuma likita ba ya iya sanin wanda zai karanta shi gobe, ko kayan binciken da zai zo da su.

Abin da Kotu ta Ce

A 1977 wata kotu a jihar New York ta yanke hukunci a shari'ar da aka sani da Doe da Roe, sunayen aro da kotun ta ba masu shari'ar don kada ta ƙara tona asirin. Wata likitar ƙwaƙwalwa da mijinta, masanin halayyar ɗan'adam, sun buga littafi shekara takwas bayan kammala jinyar wata mata. Littafin ya kawo maganganunta kalma da kalma, da tunaninta na ɓoye, da yadda aurenta ya lalace. An canza sunaye, amma waɗanda suka san ta sun gane ta. Likitar ta kare kanta da cewa littafin yana da amfani ga ilmi, kuma matar ta yarda da baki tun ana cikin jinya. Kotu ba ta karɓi wannan hanzari ba. Ta ga cewa ba a sami izini sahihi ba, ta hana ci gaba da sayar da littafin, ta kuma sa a biya matar diyyar dala 20,000. Abubuwa uku suka fito fili daga wannan hukunci: amfanin ilmi ba ya shafe haƙƙin majinyaci, wucewar shekaru ba ta warware alkawari, kuma yardar baki da aka samu a tsakiyar jinya ba abin dogara ba ce.

Lissafin Gane Mutum

Marubuta da yawa suna zaton cewa sai an ambaci abu babba ake gane mutum. Lissafi ya nuna akasin haka. A tsakiyar shekarun 1990 wata hukumar inshorar ma'aikata a jihar Massachusetts ta Amurka ta saki bayanan asibiti na ma'aikatan gwamnati don masu bincike, bayan ta cire sunaye da adireshi. Wata ɗaliba mai nazarin kwamfuta, Latanya Sweeney, ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge a kan dala 20, ta gwama ta da waɗannan bayanai. Mutum shida ne a birnin suke da ranar haihuwa ɗaya da gwamnan jihar, William Weld. Uku daga cikinsu maza ne, kuma ɗaya tak ke zaune a shiyyar gidan waya ta gwamnan. Ta haka ta zaƙulo bayanan lafiyarsa a 1997. Daga baya ta ƙiyasta, bisa ƙidayar 1990, cewa kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ana iya ware su ɗai-ɗai da abu uku kawai: ranar haihuwa, da jinsi, da lambar shiyyar gidan waya.

Kowace alama tana rage yawan mutanen da bayani zai iya dacewa da su, kamar yadda ake tankaɗe gari da rariya bayan rariya. Wannan ne ya sa dokar sirrin lafiya ta Amurka, wadda aka kafa a 1996, ta zo da ƙa'idojin da suka lissafa alamomi 18 da ake cirewa kafin a ce bayani ya ɓoye mai shi. A ciki akwai suna, da wurin zama da bai kai girman jiha ba, da ranaku in ban da shekara, da lambobin waya, da hoton fuska. Amma rahoton jinyar zantawa yana iya tsallake duk 18 ɗin ya kuma tona mutum. A ɗauka an rubuta cewa majinyaciya mai haɗa magunguna ce, tana da tagwaye, mijinta matuƙin jirgin sama ne, kuma ƙanenta ya nutse a ruwa tana 'yar shekara tara. Babu suna, babu gari, amma sunan likitan da ke saman rahoton ya riga ya faɗi garin, sauran kuwa duk wanda ya halarci bikinta zai cike gurbin. A zamanin intanet, inda tsohuwar mujalla ke fitowa da danna 'yan kalmomi, kariyar da Freud ya dogara da ita ta buga rahoto a inda jama'a ba sa gani ta gushe.

Hanya ta Farko: Ɓad da Kama

A 2000 wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Glen Gabbard, ya buga wata maƙala da ta tattara hanyoyin da marubuta ke bi, ya nuna cewa kowace da cikasinta. Ta farko kuma mafi tsufa ita ce ɓad da kama, wato canza abubuwan da ke bayyane kamar sana'a, da gari, da yawan 'ya'ya, da shekaru, a bar abin da ke cikin zuciya yadda yake. A misalin da ya gabata, ana iya cire zancen tagwaye da sana'ar miji gaba ɗaya, a ce matar ma'aikaciyar lafiya ce mai matsakaicin shekaru wadda ta rasa ɗan'uwa ta hanyar haɗari tana ƙarama. Ƙa'idar farko ita ce, cirewa ta fi canzawa. Abin da bai shafi darasin rahoton ba a bar shi kawai.

Haɗarin yana zuwa ne sa'ad da aka canza abin da ya shafi darasin. Idan rahoto a kan ƙin cin abinci ne, aka mai da mace namiji, an ɓata hujja, domin jinsi yana da muhimmanci a wannan cuta. Wani masani zai zo bayan shekara goma ya tattara rahotanni ya ƙirga, ya sa wannan ƙagaggen namiji cikin lissafinsa. Saboda irin wannan ne kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wanda ya samo asali daga wani taro a Vancouver a 1978, ya fitar da sanarwa a 1995 cewa a cire bayanan da ba dole ba, amma kada a canza ko a ƙirƙiri bayani don ɓoye majinyaci, kuma in akwai shakkar za a gane shi a nemi rubutaccen izini. Ya ƙara da cewa rufe idanu da baƙin layi a hoto ba ya ɓoye kowa. Likitocin ƙwaƙwalwa da dama sun koka cewa wannan ƙa'ida za ta hana su rubutu. Daga baya kwamitin ya sassauta, ya yarda da sauya alamomi muddin marubuci ya tabbatar wa edita cewa sauyin bai karkata ma'anar ilmin ba.

Hanya ta Biyu: Neman Izini

A ido, wannan ita ce hanya mafi tsabta: a tambayi mai labari. Amma wanda ke cikin jinya ba ya tsaye kafaɗa da kafaɗa da likitansa. Ya dogara da shi, yana son ya faranta masa, yana tsoron kada ƙin yarda ya sa a yi sanyi da shi. Sau da yawa kunya ce ke cewa to, zuciya ba ta ce ba. Bugu da ƙari, tambayar kanta tana shiga cikin jinyar ta sauya ta. Wani majinyaci zai fara tace maganarsa don ya san ana rubutawa. Wani zai ji ya zama na musamman, ya shiga kawo labarai masu ban sha'awa. Wani kuma zai ji ashe shi abin gwaji ne. In an jira sai bayan an gama jinya, wasiƙar neman izini tana iya fama tsohon gyambo ga mutumin da ya riga ya ci gaba da rayuwarsa.

Akwai kuma zafin karantawa. Mutum zai ga kansa a takarda an siffanta shi da kalmomin cuta, ko ya ga abin da likitansa ke tunani a kansa wanda bai taɓa faɗa masa ba. Robert Stoller, wani likita a Amurka, ya ba da shawara a 1988 cewa a riƙa nuna wa majinyaci daftarin, a bar shi ya gyara. Irvin Yalom ya wuce nan. A 1974 ya fitar da littafi tare da wata majinyaciyarsa da ta yi amfani da sunan aro, inda kowannensu ya rubuta yadda ya ga zaman da suka yi. Wannan ya nuna cewa majinyaci na iya zama abokin rubutu. Izini sahihi dai shi ne wanda aka bayar a rubuce, bayan an karanta ainihin abin da za a buga, an san inda za a buga shi, an kuma fahimci cewa ƙin yarda ba zai taɓa jinya ba. Dole a gaya wa majinyaci cewa yana iya janyewa kafin a buga, amma bayan bugawa magana zarar bunu ce.

Wani abin da akan manta shi ne, majinyaci yana iya ba da izinin sirrinsa, amma ba shi da ikon ba da na wasu. Labarinsa yana ɗauke da uban da ke dukan uwa, da matar da ta ci amana, da kawun da ya yi lalata. Waɗannan ba su zo jinya ba, ba a ji ta bakinsu ba, kuma ba su sa hannu a kome ba. Saboda haka izini ba ya ɗauke wa marubuci nauyin ɓad da kama.

Sauran Hanyoyi

Akwai haɗin gambiza, inda likita ke ɗaukar siffofin majinyata uku ko huɗu masu matsala iri ɗaya ya gina mutum guda. Wannan yana da kyau a littafin koyarwa, amma ba ya zama hujjar bincike, domin mutumin bai taɓa rayuwa ba, kuma wajibi ne a sanar da mai karatu. Akwai taƙaita rahoto ga 'yar musayar magana ta minti biyar a ɗakin jinya, ba tare da tarihin rayuwa ba. Wannan ya wadatar in darasin a kan dabarar likita ne. Akwai kuma ba wa wani abokin aiki ya buga da sunansa, ko a buga ba suna, don a yanke igiyar da ke haɗa majinyaci da garin likitansa. Cikas ɗin wannan shi ne mai karatu ba ya sanin wanda zai tuhuma in ya ga kuskure.

Yara da Mamata

Yaro ba ya iya ba da izini, iyayensa ke bayarwa a madadinsa, amma shi ne zai girma ya tarar da rubutun. Yaron nan ɗan shekara biyar mai tsoron dawaki da Freud ya rubuta a kansa a 1909, da yardar mahaifinsa, ya dawo wurinsa a 1922 yana saurayi, ya ce ya karanta rahoton bai tuna kome a ciki ba. Shi ya yi sa'a abin bai dame shi ba. Marubuci ba shi da tabbacin kowane yaro zai yi irin wannan sa'a, don haka ɓad da kamar yaro ya kamata ta fi ta babba kauri.

Mamaci kuwa ba ya iya ƙorafi. Anne Sexton, shahararriyar marubuciyar waƙoƙi ta Amurka, ta kashe kanta a 1974. Likitanta, Martin Orne, ya miƙa wa mai rubuta tarihinta kaset wajen 300 na zaman jinyarsu, da amincewar 'yarta wadda ke kula da abin da ta bari. Da littafin ya fito a 1991 sai muhawara ta ɓarke. Orne ya ce ya san marigayiyar, kuma da tana raye da ta so haka. Masu suka suka ce likita ba shi da ikon yanke wannan hukunci, kuma duk majinyacin da ya ji labarin zai fara tunanin abin da zai sami sirrinsa in ya mutu. Ƙa'idojin likitanci na yau sun tsaya a kan cewa amana ba ta ƙarewa da mutuwar mai ita.

Matakan Aiki

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da wasu matakai ga ɗalibi mai rubuta kundin digiri, ko likita mai shirya takarda don taron ƙara wa juna sani.

Na farko, ya tantance darasi ɗaya da yake son koyarwa, ya cire duk abin da bai yi wa darasin hidima ba. Labari mai ban mamaki shi ya fi jan alƙalami, shi ne kuma ya fi saurin tona mutum.

Na biyu, ya haɗa ɓad da kama da izini duk inda neman izinin ba zai cutar ba. In ya ga zai cutar, ya shawarci malaminsa ko kwamitin ɗa'a na asibiti, ya rubuta dalilinsa ya ajiye. Kada ya zama shi kaɗai ne alƙali a shari'ar da yake da riba a ciki, domin bugawa tana kawo masa suna da ƙarin girma.

Na uku, ya yi wa daftarin gwaji biyu. Shin ɗan'uwan majinyaci ko abokin aikinsa zai gane shi in ya karanta? Shin in majinyacin da kansa ya karanta, zai ji an mutunta shi?

Na huɗu, ya sanar da mai karatu cewa an sauya wasu bayanai, ba tare da ya faɗi waɗanda aka sauya ba.

Na biyar, ya kula da takardun da ke bayan rubutun. A 2020 aka gano cewa an sace bayanan zaman jinya na dubban mutane daga kwamfutocin kamfanin Vastaamo a ƙasar Finlan, ɓarawon ya riƙa aika wa majinyata saƙo su biya kuɗi ko ya watsa sirrinsu. Kamfanin ya durƙushe a 2021, kotu ta ɗaure mai laifin a 2024. Daftarin da ke ɗauke da sunan gaskiya bai kamata ya zauna a wayar hannu ko ya bi saƙon intanet ba tare da kariya ba.

Marubuci a Nijeriya yana da ƙarin dalili na doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutaccen izininsa, ko umurnin kotu ko doka, ko in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin rukunin da ke bukatar kariya ta musamman. A inda likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, kuma jita-jitar taɓin hankali ke iya fasa auren ƙanwar majinyaci, sunan asibiti da sana'a kawai sun isa su nuna gida.

Kammalawa

Tarihin fiye da shekara 100, daga Breuer zuwa yau, bai samar da wata hanya guda da ta kuɓuta daga aibi ba. Ɓad da kama tana iya yayewa ko ta ɓata hujja, izini yana iya zama na kunya, haɗin gambiza kuwa ba ya zama shaida. Abin da ya rage wa likita shi ne ya auna kowane rahoto da kansa, ya nemi idon wani, ya kuma kasance a shirye ya ajiye alƙalami in ya ga babu yadda za a rubuta ba tare da an cutar ba. Ilmi zai sami wani majinyacin da wani rahoton, amma wanda aka tona ba shi da wani mutuncin da zai sauya. Magabata sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ɗalibin wannan fanni yana bukatar ya koyi wannan tun kafin ya koyi rubuta rahoto.